Gammo da Mashi: Yadda Aka Tsara Rundunonin da Suka Kai 'Yan Arewa Yaƙin Bama

A Yaƙin Duniya na Biyu kowace babbar runduna ta sojan Birtaniya tana da tambarin da ake ɗinka wa sojojinta a hannun riga. A fagen daga na Bama akwai rundunar da ta ɗauki damisa, akwai mai baƙar kyanwa, akwai mai kan karkanda. Ita kuwa Runduna ta 82 ta Afirka ta Yamma, wadda bataliya shida cikin bataliyoyinta tara na Nijeriya ne, gammo ta zaɓa. I, gammo dai da ka sani, wanda mai tallar fura ko ɗan dako ke naɗawa ya ɗora a ka, sai aka giciya masa masu guda biyu.

Wanda ya zana wannan tambari ba wasa yake yi ba. Ya faɗi gaskiyar yadda aka gina rundunar ne. Ita da 'yar'uwarta Runduna ta 81, a kan kawunan mutane aka tsara su, ba a kan motoci ko alfadarai ba, kuma duk wanda yake son ya gane nasarorinsu da asararsu, to daga nan zai fara. (Kafin mu yi nisa: Bamar da ake nufi ita ce ƙasar Myanmar ta yau, maƙwabciyar Indiya, ba garin Bama na jihar Barno ba. Tsofaffinmu "yaƙin Bama" suke cewa, mu ma haka za mu ce.)

Mece ce runduna?

A Hausa kalmar runduna tana ɗaukar kowane taron mayaƙa, ƙarami ko babba. A nan muna nufin wani mataki takamaimai na tsarin soja. Mutum kamar goma a ƙarƙashin kofur su ne ƙaramin rukuni. Irin wannan uku, wato mutum talatin da 'yan kai, suna ƙarƙashin laftana da sajansa. Idan aka haɗa irin waɗannan uku ko huɗu an sami kamfani. Kamfanoni huɗu da masu tallafa musu su ne bataliya, mutum kamar ɗari takwas. Bataliya uku birged ke nan, birged uku kuma runduna, wadda manjo janar ke jagoranta.

Amma abin da ya mai da runduna runduna ba yawan ba ne. Ita ce mataki mafi ƙanƙanta da zai iya yaƙi shi kaɗai na tsawon watanni, domin tana tafe da nata igwa, nata injiniyoyi masu gina gada da fasa hanya, nata 'yan sadarwa, nata likitoci, da nata masu kawo abinci da harsashi. Bataliya za ta iya kwana biyu tana musayar wuta, amma a rana ta uku sai ta waiwaya ta ga wa zai kawo mata tuwo. Rundunar sojan ƙasa ta Birtaniya a 1944 takan kai mutum wajen 18,000, da motoci dubbai. Matsalar ita ce, mota sai da hanya.

Daga iyakar Kamba zuwa Indiya

Sojan da Turawa suka kafa a ƙasar nan ya girmi yaƙin sosai. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, kuma da ita aka ci Kano a watan Fabrairu 1903, aka ci Sakkwato a watan Maris. Gwandu ba a yi yaƙi a ƙofarta ba, amma ta shiga hannu a wannan zagayen, daga baya fadar sarki ta zauna a Birnin Kebbi. Tun a waɗancan yaƙe-yaƙe, bayan kowane soja mai bindiga akwai 'yan alaro ɗauke da harsashi, abinci da akwatunan Bature. A kurmin kudu ƙudan tsando ba ya barin doki ko jaki ya rayu, shi ya sa ɗaukar kaya a ka ya zama jinin wannan soja. Haka aka yi a Kamaru da Afirka ta Gabas a Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Abin da ya kumbura wannan ƙaramin soja ya zama babba ya faru ne a watan Yuni 1940, lokacin da Faransa ta faɗi a hannun Jamus. Gwamnatocin Faransa na Nijar da Dahome suka bi sabuwar gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Hitila. Ka duba taswira. Daga Kalgo hanya ta rabu, ɗaya ta nufi Jega, ɗaya ta bi ta Bunza ta gangara Kamba, kuma daga Kamba kana hango Nijar, Gaya na nan kusa. Dare ɗaya, iyakar da fatake da masu sayar da shanu ke ƙetarawa ba tare da tunani ba ta zama iyaka da ƙasar da ba a amince da ita ba. Ƙasar Gwandu, a zamanin Sarki Yahaya wanda ya hau gadon sarauta a 1938, ta tsinci kanta a bakin layi. Janar George Giffard, wanda aka ba ragamar sojan Afirka ta Yamma a 1940, ya shiga ɗaukar kurata da kafa sababbin bataliyoyi domin tsoron a shigo daga arewa ko yamma.

A takarda, shiga soja ganin dama ne. A aikace, saƙo yakan taso daga Razdan zuwa sarki, daga sarki zuwa hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, kuma idan aka ce ana son mutum kaza daga gunduma, to sai an same su. Akwai waɗanda suka tafi don albashi da kaki, akwai masu gudun haraji ko bashi ko wata rigima ta gida, akwai kuma waɗanda kawai aka nuna da yatsa. A daidai wannan lokaci, tsakanin 1942 da 1944, ana kwasar mutane kimanin 100,000 daga lardunan Arewa zuwa aikin tilas na haƙar kuza a Jos, inda sanyi da yunwa suka kashe da yawa. Ga saurayin ƙauye na wancan zamani, zaɓin ba mai faɗi ba ne. A yankin da ya zama jihar Kebbi a yau, ƙasar Zuru ce ta fi yin suna wajen ba da sojoji, kuma sunan ya bi ta har yanzu.

A watan Nuwamba 1942 sojojin Amurka da Birtaniya suka sauka a Afirka ta Arewa, gwamnatocin Faransa na Afirka ta Yamma suka juya suka bi ƙawance. Barazanar iyaka ta gushe. Sai ga Birtaniya da dubban sojoji horarru a Nijeriya, Gwalkwas (Gana ta yau), Saliyo da Gambiya, ba abokin faɗa. A can gabas kuwa Japan ta ƙwace Bama tun farkon 1942, tana bakin ƙofar Indiya. Giffard, wanda daga baya aka mayar da shi Indiya, shi ya matsa a kai su. Aka kafa Runduna ta 81 a watan Maris 1943 a ƙarƙashin Manjo Janar Christopher Woolner, ta 82 kuma ta biyo baya a watan Agusta.

Hujjar da aka bayar ita ce wai ɗan Afirka ɗan kurmi ne, zai iya da dajin Bama. Wannan magana abin dariya ce ga duk wanda ya san ƙasar Kabi. Yaron da ya tashi tsakanin fadamar shinkafa da tudun gero, inda kake hango mai zuwa tun daga nisan zango, bai taɓa ganin dajin da rana ba ta taɓa ƙasa ba. Ruwan da ke sauka a Birnin Kebbi a shekara bai kai mita ɗaya ba. A gaɓar Arakan, inda aka kai su, yana haura mita huɗu. Sai da aka kai 'yan Arewa kurmin kudancin Nijeriya aka koya musu yaƙin daji, kamar yadda aka koya wa Turawan da ke jagorantarsu. Hujjar gaske ita ce gammo.

Wa ke cikin wace birged

Runduna ta 81, mai tambarin baƙin gizo-gizo (Anansin tatsuniyar Ashanti ne, ɗan'uwan Gizonmu na Ƙoƙi wajen wayo), ta ƙunshi Birged ta 3 mai bataliyoyin Nijeriya na 6, 7 da 12. Birged ta 5 mai bataliyoyin Gwalkwas uku. Da Birged ta 6 wadda ta haɗa bataliyar Nijeriya ta 4 da ta Saliyo da ta Gambiya. Runduna ta 82 tana da Birged ta 1 (Nijeriya 1, 2, 3), Birged ta 2 ta Gwalkwas, da Birged ta 4 (Nijeriya 5, 9, 10). Birged ta 1 da ta 2 ba baƙin yaƙi ba ne. Sun yi da Italiya a Somaliya da Habasha a 1941, kuma 'yan Nijeriya ne a kan gaba lokacin da aka shiga Mogadishu a watan Fabrairun wannan shekara.

Hafsoshi kuwa Turawa ne kusan kaf: 'yan Ingila, 'yan Rodeshiya, har da wasu ɗaruruwan hafsoshin Folan da ƙasarsu ta faɗi aka turo su Afirka. Ɗan ƙasa iyakarsa samanja. Seth Anthony na Gwalkwas, wanda ya sami muƙamin hafsa a 1942 ya kuma yi yaƙi a Runduna ta 81, shi ne wanda ake ambatawa domin irinsa ba su da yawa. Janar William Slim, babban kwamandan fagen Bama, ya soki wannan tsari a littafin da ya rubuta bayan yaƙi: a ganinsa an cika Turawa a bataliyar Afirka fiye da kima, ana hana sajan da kofur na gida su koyi yanke shawara, alhali bataliyar Indiya da hafsoshi Turawa 'yan kaɗan take tafiya. A nan kam ya yi gaskiya, ko da yake ba a kan komai ya yi wa 'yan Afirka adalci ba.

Harshen bataliyoyin Nijeriya tun asali Hausa ne, irin wadda ake kira barikanci, kuma ana jin ta har a cikin sojan Gwalkwas, inda da yawa 'yan arewacin ƙasar ne ko 'ya'yan zango. Ba abin mamaki ba ne, domin hanyar fataken goro daga Jega zuwa Gwanja ta daɗe da haɗa mutanen nan kafin Bature ya sa musu kaki ɗaya. Da yaƙi ya faɗaɗa aka kawo hafsoshin da ba su jin Hausa, aka kuma ɗebi 'yan kudu masu boko a matsayin direbobi, akawu, 'yan sadarwa da ma'aikatan jinya, sai Turanci ya fara shiga. Kalmomin kurtu, kofur, samanja, bariki da fareti duk ta wannan ƙofar suka zauna a bakinmu.

Sojan da ba shi da bindiga

Yanzu mu zo kan gammo. Kowace birged an haɗa mata wata ƙungiya ta musamman, mutum wajen dubu biyu, waɗanda aikinsu ɗaukar kaya ne. Sojoji ne cikakku, da lamba, da kaki, da albashi, da horon fareti, amma mafi yawansu adda kawai ke hannunsu. Kowanne yana ɗaukar kimanin kilo 18 a ka, ban da nasa kayan da ke goye a baya. Su ke ɗauke da harsashi, da na'urar sadarwa da baturanta, da magani, da abinci. Igwar rundunar ma ƙarama ce ta hawan dutse, wadda ake kwancewa gunduwa-gunduwa. Saboda waɗannan 'yan dako, rundunar Afirka ta Yamma ta fi ta Ingila yawan mutane, ta haura 20,000, amma ta fi ta ƙarancin motoci da manyan bindigogi nesa ba kusa ba.

To amma ɗan dako yana da wata matsala da kowane madugu ya sani: yana cin abin da ya ɗauko. Bari mu yi lissafi mai sauƙi, don misali kawai. A ce ya ɗauki kilo 18 na shinkafa, kuma yana cin kilo ɗaya a rana. Idan tafiyar kwana biyar ce, zai ci biyar a zuwa, ya ajiye biyar na komowa, ya miƙa takwas. Idan ta kwana tara ce, bai kawo wa kowa komai ba, ya yi yawo ne da abincinsa. Wannan lissafi shi ya daɗe yana ƙayyade nisan da kowane sarkin yaƙi zai iya kai mayaƙansa, sai fa in za su ci daga rumbun mutanen da suka tarar. Runduna mai mutum 20,000 tana bukatar tan 20 na abinci kullum a wannan ƙiyasi, ba a yi maganar harsashi ba.

Abin da ya karya wannan lissafi shi ne jirgin sama. Jirgin dakon kaya na Dakota yana ɗaukar kimanin tan biyu da rabi, wato kayan mutum kusan 140, ya kai su cikin sa'a ɗaya ko biyu, ya jefo da laima ko ya turo buhunan haka nan. Sai aikin ɗan dako ya canza. Ba ya komawa baya ɗauko kaya, yana tafe ne tare da mayaƙa da guzurin kwana kaɗan, jirgi na sake cika musu a gaba. Runduna ta 81 ita ce babbar runduna ta farko ta yau da kullum da ta rayu watanni a fagen daga da abin da ake jefo mata daga sama kaɗai. Sabuwar fasaha ta zamani ta auri tsohuwar dabara ta 'yan alaro, kuma auren ya yi kyau ta wata fuska: rundunar tana iya barin hanya gaba ɗaya, ta hau tsaunin da alfadari ba zai hau ba, ta ɓullo inda Japanawa ba su zata ba. Alfadari sai an ɗauko masa harawa, kuma ba ya sare daji. Ɗan dako kuwa da ya sauke kaya sai ya zare adda ya share filin da za a jefo kaya, ya haƙa rami, ya gyara 'yar hanyar da ƙaramin jirgi zai sauka ya kwashi masu rauni, ya ɗauki wanda aka harba a makara.

Kuɗin wannan dabara kuwa a jikin mutum aka biya shi. Jerin mutum ɗaruruwa marasa bindiga a kan siririyar hanyar daji abin so ne ga mai kwanton ɓauna. Dole a cire mayaƙa daga gaba a sa su gadin 'yan dako, kuma idan wuta ta tashi, mutumin da ba shi da abin ramawa ba laifinsa ba ne in ya jefar da kaya ya nemi mafaka.

Kwarin Kaladan

Runduna ta 81 ta zagaya ta kudancin Afirka a jirgin ruwa, ta sauka Indiya a watan Agusta 1943. Tun kafin ta ga abokin gaba aka fara yanka ta. Aka cire Birged ta 3, wato bataliyoyin Nijeriya uku, aka ba Janar Orde Wingate don rundunarsa ta Chindit da ke shiga bayan layin Japan. Aka kuma ɗauke rukunin leƙen asirinta aka kai bakin teku. Runduna mai ƙafa uku ta koma mai ƙafa biyu, ba ido.

A watan Disamba ta tashi daga Chiringa ta nufi kwarin kogin Kaladan a yankin Arakan, jihar Rakhine ta yau. Babu hanya, sai suka yi ta. Da adda, diga da shebur suka fasa hanyar jif mai tsawon kilomita wajen 120 a kan tsaunuka huɗu-biyar masu duhun gora, cikin kimanin wata guda, aka sa mata suna Hanyar Afirka ta Yamma. Nisan ya doshi na Birnin Kebbi zuwa Sakkwato, sai dai babu shimfiɗaɗɗen wuri ko kaɗan. Aikin rundunar shi ne ta tsare gefen hagu na manyan rundunonin Indiya da ke yaƙi kusa da teku. Ta gangara kudu tana korar ƙananan sansanonin Japan har ta kai Kyauktaw a watan Fabrairu 1944.

A farkon Maris Japanawa suka zagayo ta gabas suka ƙwace wani tudu mai ɗakin ibada da ke kallon Kyauktaw, wanda ba a sa masa isassun masu tsaro ba. Woolner ba shi da birged ta uku da zai jefa. Dole rundunar ta ja da baya, kuma daga baya aka sauke shi, aka kawo Manjo Janar Frederick Loftus-Tottenham a watan Agusta. Manyan hafsoshi a Indiya sun yi ta gunaguni cewa 'yan Afirka ba su yi abin kirki ba. A nawa ganin wannan hukunci bai tsaya da ƙafarsa ba. Wanda ya ƙwace wa runduna kashi ɗaya cikin uku na mayaƙanta, ya ba ta igwa 'yan ƙanana, ya tura ta kwarin da faɗinsa ya fi ƙarfinta, shi ya kamata a fara tambaya. Kuma abin lura, rundunar ta janye a haɗe, da raunananta da kayanta, ba ta watse ba.

A wannan ja da baya ne aka harbi Isaac Fadoyebo, wani matashi ma'aikacin jinya daga yankin Owo. Shi da wani sajan ɗan Saliyo, David Kargbo, wani iyali Musulmi na ƙauyen ne suka ɓoye su suna ciyar da su wata tara har sojojin ƙawance suka dawo. Musulmin Arakan, waɗanda duniya ta sani yau da sunan Rohingya, galibi suna tare da Birtaniya a wannan yaƙi. Sojan da ya fito daga ƙasar Gwandu ko Kano ya tarar da masu sallama da salla a wani lungun duniya da bai taɓa jin sunansa ba.

Su kuwa 'yan Birged ta 3, a watannin Maris da Afrilu 1944 aka sauke su da jirage can tsakiyar Bama, a bayan Japanawa. An ba su tsaron sansanonin da Chindit suka kafa, musamman wanda ya toshe layin dogo kusa da Mawlu, inda Japanawa suka yi ta kawo hari dare da rana. Wingate kansa ya mutu a haɗarin jirgi ranar 24 ga Maris. Sauran suka ci gaba da tafiya a ƙasa cikin damina har wajen Agusta, zazzaɓin cizon sauro da atuni suna kayar da mutane fiye da harsashi. A wannan shekara ce Sarkin Katsina Usman Nagogo, sabon hawa, ya je Indiya da Bama ya gai da sojojin Nijeriya.

Bayan damina Runduna ta 81 ta koma Kaladan. Wannan karon ta guji bakin kogi, ta bi ta kan tsaunuka, inda gammo ya fi komai amfani. Runduna ta 82 kuma, wadda ta iso Indiya a tsakiyar 1944, ta shiga fage a Disamba, ta karɓi Buthidaung, ta gangara kwarin Kalapanzin, ta ƙetara tsauni zuwa Kaladan. A makon ƙarshe na Janairu 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ci Myohaung, tsohuwar hedkwatar masarautar Arakan da yau ake kira Mrauk-U. Daga nan aka mai da ta 81 Indiya. Ta 82, yanzu a hannun Manjo Janar Hugh Stockwell, ta ci gaba da bin Japanawa kudu ta Dalet, Tamandu, Letmauk da hanyar An, har Taungup da Gwa a watan Mayu. Nan ne ta sha wuya mafi tsanani. Jiragen da take dogara da su an karkatar da yawansu zuwa babban yaƙin tsakiyar Bama, wato rabin dabarar ya tafi, aka bar gammo shi kaɗai. Waɗanda aka kashe, aka raunata ko suka ɓace a cikinta sun haura 2,000, adadin da ya fi na kowace runduna a wannan ɓangare na Arakan.

Abin da ya rage

Ƙiyasin da aka fi ambatawa shi ne 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je Indiya da Bama, fiye da rabinsu 'yan Nijeriya. An dawo da su cikin 1945 da 1946, aka rushe rundunonin. Albashinsu da kuɗin sallamarsu bai kama ƙafar na sojan Ingila mai irin muƙaminsu ba. A Akara, ranar 28 ga Fabrairu 1948, tsofaffin sojoji suka yi tattaki kan haƙƙoƙinsu, 'yan sanda suka harbe uku, tarzomar da ta biyo baya ta gaggauta 'yancin Gana. A Arewa abin bai ɗauki wannan salo ba. Mazan jiya sun watsu cikin garuruwa, wasu suka zama 'yan doka da masinjojin En'e, wasu direbobi, da yawa suka koma gona.

Mai neman kakansa a cikin waɗanda ba su dawo ba, akwai inda zai duba. Hukumar kula da kaburburan yaƙi ta ƙasashe renon Ingila tana da rajista a intanet, kuma sunayen sojojin Nijeriya suna kan duwatsun maƙabartar Taukkyan kusa da Yangon da ta Chittagong a Bangladesh. Sai dai a yi haƙuri da yadda aka rubuta su. Akawun soja yakan rubuta sunan yanka ne ya liƙa masa sunan gari, wane Sakkwato, wane Zuru, wane Argungu, kuma sau da yawa babban garin da akawu ya sani ake sawa, ba ƙauyen mutum ba. Ɗan Kalgo ko ɗan Diggi yana iya kwanciya a can da sunan Gwandu ko Birnin Kebbi ko Sakkwato, a rubutun da Bature ya ji da kunnensa. Lambar soja, in tana kan wata tsohuwar takardar sallama ko a gefen lambar yabo da ke cikin adaka, ta fi suna saurin kai mutum ga amsa.

Sunayen wuraren yaƙin kuwa muna furta su kullum ba tare da mun lura ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, na Chindit a Zariya, na Letmauk a Ibadan, na Myohaung, Arakan, An da Tamandu a Legas, duk daga Bama aka kwaso su. Lambobin ma ba su mutu ba: sojan Nijeriya na yau yana da Runduna ta 81 a Legas da ta 82 a Inugu, alhali sauran rundunoninsa lambobinsu ƙanana ne, kamar Runduna ta 8 da ke Sakkwato wadda Kebbi ke ƙarƙashinta. A masarautar da a 1943 ɗanta ba zai wuce samanja ba, sarakuna biyu na baya-bayan nan, Mustafa Haruna Jokolo da Muhammadu Iliyasu Bashar, dukansu tsofaffin hafsoshin soja ne, na biyun ma da muƙamin manjo janar ya yi ritaya, muƙamin da Woolner ke riƙe da shi ranar da ya shiga Kaladan.